Shin da gaske albasa ta fi mutum yawan DNA?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar bayoloji ce a wata sakandaren 'yan mata a cikin garin Gombe. Wata ɗalibata 'yar aji biyar ta zo min da maganar da ta gani a waya, wai albasa ta fi ɗan Adam yawan DNA, wai kuma yanzu masana suna karanta DNA ɗin dabbobi da tsirrai masu yawa suna kwatantawa. Na ce mata zan bincika, don gaskiya karatun da muka yi bai kai nan ba. Shin maganar albasar gaskiya ce? Me ake samu a wannan kwatancen? Kuma akwai abin da ya shafe mu a ciki, ko dai harkar Turawa ce kawai?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ke kuma ya saka miki da alheri da kika ce za ki bincika, ba ki ce mata ta zauna ta yi shiru ba. Tambayoyinki uku ne: gaskiyar zancen albasa, abin da ake nema idan aka jera gadon halittu daban-daban ana kwatantawa, da kuma rabonmu a cikin wannan aiki. Ta farko amsarta gajeriya ce. Gaskiya ne. Kundin gadon mutum yana da haruffa kimanin biliyan 3, na albasa kuwa kimanin biliyan 16. Ta ninka mu sau biyar ke nan. Amma don yarinyar ta gane cewa wannan ba cin fuska ba ne ga ɗan Adam, sai mun ɗan koma baya.

A cikin kusan kowace ƙwayar jikinmu akwai wani dogon zare, shi ne DNA, wanda aka rubuta shi da sinadarai huɗu da ake yi wa laƙabi da A, T, G da C. Dukan rubutun nan, daga farko har ƙarshe, shi ne masana ke kira jinom, ni kuma a aji nakan ce kundin gado. A cikin kundin akwai sassan da ke ɗauke da umarnin yin furotin, su ne ƙwayoyin gado, kuma na mutum kimanin 20,000 ne. Abin da ke ba ɗalibai mamaki shi ne waɗannan sassan ba su kai kashi 2 cikin ɗari na kundin ba.

Ki tuna yadda ake mallakar littafi a ƙasar nan kafin zuwan injin ɗab'i. Almajiri zai aro littafin fikihu ko na waƙa a wurin malaminsa, ya zauna da tawada da alƙalamin kara ya kwafe, wani kuma ya kwafa daga nasa. Duk iya taka-tsantsan ɗinsa sai ya tsallake ɗigo ko ya maimaita layi, kuma wanda ya kwafa daga hannunsa zai gaji kuskuren ya ƙara nasa. Bayan shekara ɗari biyu, idan aka tattaro kwafi goma daga Bauchi da Katagum da Misau da Gombe, mai lura zai iya cewa wannan da wancan daga hannu ɗaya suka fito, tunda kuskurensu ɗaya ne a wuri ɗaya. Zai kuma ga wani abu: akwai wuraren da kwafin goman duka suka yi daidai. Masu kwafi sun yi kuskure a nan ma, amma kuskuren da ya ɓata hukunci malami yana gani zai sa a yage takardar, don haka bai yaɗu ba. Kuskuren da ya faɗo a gefen shafi kuwa ba wanda ya damu da shi, ya yi ta tafiya.

To, haka gado yake. Kowane jariri yana zuwa da sababbin sauye-sauye kimanin 60 zuwa 70 waɗanda babu su a jikin uwa ko uba. Mafi yawansu ba su cutarwa ba su amfanarwa. Kaɗan na cutarwa, su kan ɓace. Kaɗan ƙwarai na taimakon mai su ya rayu ya haihu, su kan bazu. Duk binciken da ɗalibarki ta ji labari a kan wannan ya tsaya: a jera kwafi, a ga inda suka saɓa da inda suka ƙi saɓawa.

Dalilin da ya sa abin ya bunƙasa yanzu

Kuɗi ne da na'ura. Aikin karanta kundin mutum na farko an fara shi a 1990, aka sanar da kammala shi a 2003, ya ci kusan dala biliyan 3. Ko a lokacin an bar giɓi na kimanin kashi 8 cikin ɗari, wuraren da rubutun ke ta maimaita kansa har na'urar wancan zamani ta rikice; sai a 2022 aka cike shi. Yau da 'yan ɗaruruwan daloli ana karanta kundin mutum, kuma akwai wata na'ura mai suna MinION da ba ta fi ƙaramar wayar hannu girma ba, a jikin kwamfuta ake jona ta. Da abu ya yi araha sai buri ya faɗaɗa. A 2018 aka ƙaddamar da wani gagarumin shiri na duniya da ke son karanta kundin duk dabba da tsiro da naman gwari da aka sani, jinsi sama da miliyan ɗaya da rabi.

Wanda ya fi burge ni a cikin sakamakon da ya fito shi ne na shirin Zoonomia, a 2023. Sun jera kundin dabbobi masu shayarwa 240, daga jemage zuwa giwa zuwa kifin whale, harafi da harafi. Suka samu cewa aƙalla kashi 10.7 cikin ɗari na kundin mutum yana cikin wuraren nan da suka ƙi sauyawa tsawon miliyoyin shekaru. Ki haɗa wannan da abin da na faɗa ɗazu, cewa masu yin furotin ba su kai kashi 2 ba. Ashe mafi yawan wuraren da ake kiyayewa ba ƙwayoyin gado ba ne, da yawansu makunnai ne, masu cewa wannan ƙwayar ta yi aiki a hanta, waccan ta yi a ido, wannan ta tashi a ciki ta kwanta bayan haihuwa. Amfanin wannan ga likita a fili yake. Idan aka ga sauyi a jikin yaro mara lafiya, kuma sauyin ya faɗo a harafin da saniya da ɓera da giwa duk suka riƙe bai motsa ba, to nan ne wurin da ya kamata a fara zargi.

Albasa da gaiwa

Yanzu mu koma kan albasarki. Ba ta fi mu yawan umarni sau biyar ba, ta fi mu yawan tarkace ne. A cikin kundin halittu akwai wasu gutsattsarin DNA da ba su da aiki sai kwafar kansu suna liƙawa a wani wuri, kamar ƙuduji a gonar dawa. Wata Ba'amurkiya, Barbara McClintock, ita ta gano su tun shekarun 1940, tana nazarin abin da ke sa ƙwayar masara ta fito da ɗigo-ɗigon launi. An daɗe ba a ɗauki maganarta da muhimmanci ba, sai a 1983 aka ba ta kyautar Nobel. Kusan rabin kundin mutum irin waɗannan ne da ragowarsu. A masara sun kai wajen kashi 85. Wasu halittun suna share su, wasu suna barinsu su taru, kuma albasa tana cikin masu bari.

Amma in kina son ki girgiza ajinki, ki bar albasa ki kawo musu gaiwa. Ni a bakin fadamar kogin Jama'are na tashi. Da rani, idan ruwa ya janye ƙasa ta tsattsage, mukan bi manya da fartanya ana neman wata 'yar ƙofa a busasshen taɓo. A tona a hankali, sai a ciro dunƙulen laka, a fasa, ga ta nan a naɗe cikin wata fata mai kama da takarda, wutsiya a kan fuska, kamar matacciya. A jefa ta cikin bokitin ruwa, kafin a jima ta warware. Hausawa da suka ce gaiwa jikinta take ci ba su yi ƙarya ba, naman jikinta take narkarwa ta rayu da shi har damina ta dawo, kuma iska take shaƙa da huhu na gaske. A 2021 wasu masana a ƙasar Sin suka karanta kundin wannan gaiwar tamu ta Afirka ta Yamma, suka samu haruffa kimanin biliyan 40, wato ta ninka mutum sau goma sha uku. 'Yar'uwarta ta Kudancin Amurka, da aka karanta a 2024, biliyan 91 gare ta. A wannan shekarar dai aka auna wani ɗan tsiro a tsibirin Sabuwar Kaledoniya da ke tekun Pasifik, mai biliyan 160. Da za a miƙe zaren ƙwaya ɗaya tasa zai kai mita 100, namu kuwa mita 2 ne.

Abin da ya sa aka wahala a kan gaiwa ba girman kundin kaɗai ba ne. A cikin kifayen da ke raye, ita ce kundinta ya fi kusa da na dabbobin tudu masu ƙafa huɗu. Ƙwayoyin gadon da ke gina huhunta dangin waɗanda ke gina namu ne, haka wasu makunnan da ke tsara gaɓoɓi. Kifin da muke sayarwa a banƙare a kasuwar ƙauye, shi ne masana ke tambaya yadda aka yi rayuwa ta fito daga ruwa.

Kada dai ki ce wa ɗalibai duk tarkacen banza ne. Kimanin kashi 8 cikin ɗari na kundinmu ragowar bairos ne, wato wasu ƙananan ƙwayoyin cuta, da suka shiga jikin magabata suka zauna. Ɗaya daga cikinsu yanzu jiki ya mayar da shi ma'aikaci: furotin ɗin da ke haɗa ƙwayoyin mabiyiya su manne da mahaifa daga bairos aka samo shi.

Abin da ya shafe mu

Nan ne nake son in daɗe, don amsar tana cikin jininmu da garkenmu da ɗakin kwananmu.

Fara da sikila. Duk wahalar nan, ciwon ƙashi da kumburin hannu da ƙarin jini, harafi ɗaya ne ya jawo ta: A ta koma T a ƙwayar gadon da ke yin sinadarin jan jini, a kan kuromosom na 11, wato ɗaya daga cikin ƙunshe-ƙunshen zaren DNA. Bisa ƙa'idar da na kawo ta malami mai yage takarda, ya kamata irin wannan kuskure ya ɓace tuntuni. To me ya sa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yake ɗauke da shi? Anthony Allison ya ba da amsar a 1954 daga aikinsa a Gabashin Afirka: yaron da ya gaji kwafi ɗaya, wato AS, yana da kariya mai ƙarfi daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A inda maleriya ke ɗibar yara, masu AS sun fi tsira, sauyin ya yi ta yaɗuwa, masu SS kuma suka biya kuɗin. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, wanda ɗan Najeriya ne, suka kwatanta kundin dubban mutane, suka kai ga cewa sauyin sau ɗaya ya faru, a jikin mutum ɗaya, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, zamanin da Sahara take da ciyawa da tabkuna. Idan lissafinsu ya tabbata, duk mai S a Bauchi da Legas da Jamaika kakansu ɗaya ne ta wannan harafin.

Ki ja kunnen 'yan matanki a nan, don na taɓa jin saurayi yana kafa hujja da wannan wai AS alheri ne. Alheri ne ga mai shi, amma AS da AS idan suka yi aure, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. Gwaji kafin a kai kuɗin gaisuwa ya fi gwaji ana gobe ɗaurin aure.

Ko maganin da aka amince da shi a Ingila da Amurka a ƙarshen 2023, mai suna Casgevy, daga kwatance ya samo asali. An lura wasu masu SS ciwonsu da sauƙi saboda jikinsu bai daina yin irin jan jinin da jariri ke yi a ciki ba. Da aka kwatanta kundin mutane da yawa aka gano makunnin da ke kashe wannan jinin bayan haihuwa, sai aka yi amfani da almakashin CRISPR, wata dabarar yanke DNA a wurin da aka zaɓa, aka lalata makunnin. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, don haka ba zan yaudare ki in ce ya kusa zuwa asibitocinmu ba. Amma tsohon maganin nan haidiroksiyuriya, wanda likitocinmu ke rubutawa, shi ma wannan jinin na jarirai yake tayarwa.

Sai madara. Yawancin manyan mutane a duniya idan suka sha ɗanyar madara cikinsu sai ya yi ta ƙugi, domin ƙwayar gadon da ke narkar da sukarin madara tana kwanciya bayan yaye. Shi ya sa kindirmo da nono suka fi karɓar mutane da yawa, tsamin ya riga ya cinye wani sashe na sukarin. Amma a cikin al'ummun makiyaya makunnin yakan zauna a kunne har tsufa. Abin sha'awar shi ne ba sauyi ɗaya ba ne. Sarah Tishkoff da abokan aikinta sun nuna a 2007 cewa makiyayan Kenya da Tanzaniya suna da nasu sauyin daban da na Turawa. Larabawa masu raƙuma ma suna da nasu. Matsala ɗaya, mafita iri-iri, kowacce a kusa da makunni ɗaya. Fulani kuwa, da aka duba, sai aka samu da yawansu suna ɗauke da irin sauyin da ke Turai da Arewacin Afirka, alamar tsohuwar cuɗanya ta hanyar Sahara. Nakan yi hattara da wannan a aji, don kada wani ya mayar da shi hujjar fifikon ƙabila. Labarin saniya ne da ƙishirwa da tafiya, ba na daraja ba.

Shanun kansu nasu labarin ya fi daɗi. Shanun duniya gida biyu ne: marasa tozo, waɗanda aka fara kiwo a Gabas ta Tsakiya, da masu tozo, waɗanda aka fara kiwo a kwarin Indus, Pakistan ta yau. Bunaji da Rahaji da Bokolo da kike gani ana lodawa a tirela duk masu tozo ne. Amma akwai wani ɗan ƙaramin DNA da ake gada ta wajen uwa kaɗai, kuma da aka duba shi a shanun Afirka masu tozo sai aka ga na marasa tozo ne. Ma'ana bijimai aka shigo da su daga Asiya suka hau shanun da suka tarar a nan. Wani bincike na 2020 a kan shanu 172 daga iri 16 na Afirka ya sa babbar cakuɗuwar a tsakanin shekara 750 zuwa 1,050 da suka wuce, ya kuma nuna abin da kowane gida ya kawo: jure zafi da fari daga masu tozo, jure sammore daga marasa tozo irin su Ndama da Muturu, masu iya zama a dajin ƙudan tsando. Wannan ne ya sa nake jin takaici idan na ga ana barbarar shanunmu da na Turai barkatai, ba rajista ba lissafi. Madara za ta ƙaru a 'ya'yan fari, na yarda. Amma abin da shekara dubu ta tace ana iya zubar da shi cikin shekara ashirin, kuma watan Afrilu a Gombe ba ya tausayin saniyar da aka tsara don sanyin Holan.

Ɓangaren da nake aiki a kai shi ne sauro, kuma a nan ba sai an jira shekara dubu ba. Mukan debo tsutsotsinsa a kududdufai da gonakin shinkafa, mu rene su har su fashe, mu zuba matan sauro ashirin da biyar a cikin bututun da aka shimfiɗa wa takarda mai maganin gidan sauro. Awa ɗaya a ciki, sannan a mayar da su bututu mai tsabta da audugar ruwan sukari, a ƙirga matattu bayan awa 24. Ranar da na fara yi da hannuna na zaci na ɓata takardar ne, don da safe na tarar mafi yawansu suna tashi garau. Ban ɓata komai ba. Maganin yana kama wata ƙofa ce a jijiyar sauro, kuma sauyin harafi ɗaya ya canza siffar ƙofar. Wasu kuma jikinsu ya ninka sinadaran da ke narkar da gubar. Mun kashe masu rauni, masu jurewa suka gaji gari. Wannan ilimin ne ya sa aka koma raba gidajen sauro masu ƙarin sinadari na biyu. Kuma a jiharki ta Gombe ne aka fara ba da rahoton sauron nan na Asiya, Anopheles stephensi, a Najeriya, a 2020. Shi a tankunan ruwa da randunan cikin gari yake haihuwa, kuma da gwajin DNA ake tabbatar da shi. Haka zazzaɓin Lassa, wanda Bauchi ke cikin jihohin da ya fi addaba: da ya yi ƙamari a 2018, cibiyar Farfesa Christian Happi da ke Ede a jihar Osun ta karanta kundin bairos ɗin daga marasa lafiya, aka ga ba wani sabon iri ne ke bi daga mutum zuwa mutum ba, yawanci daga ɓeraye yake tsallakowa sau da yawa daban-daban. Wannan ya nuna inda za a sa ƙarfi, wato rumbu da ɗakin girki.

Idan kun kai ɗalibai Yankari, ga abin faɗa a gaban giwa. Dabba mai wannan girma da tsawon rai ya kamata cutar kansa ta fi kama ta fiye da mu, amma ba haka abin yake ba. Akwai wata ƙwayar gado mai suna TP53 da ke sa ƙwayar jikin da ta lalace ta kashe kanta. Mu ɗaya gare mu, giwa tana da wajen 20. A gandun Gorongosa na Mozambik kuma, yaƙin basasar 1977 zuwa 1992 ya sa mafarautan haure suka kashe kusan kashi 90 cikin ɗari na giwaye, sai matan da ba su da haure suka tashi daga ƙasa da kashi 20 zuwa kusan rabi a cikin waɗanda suka tsira. Bindiga ce ta yi zaɓen.

Tambayar da za su yi miki

Za su ce, to biri fa? Gara ki shirya. Idan aka jera sassan da suka yi daidai da juna, kundin mutum da na birin chimpanzee sun yi kama da kusan kashi 98.8 cikin ɗari. Idan aka haɗa da sassan da ɗaya ke da su ɗayan babu, adadin yana sauka sosai, kuma cikakkun kundayen manyan birai da aka fitar a 2025 sun ƙara nuna haka. Don haka duk wanda ya jefo miki kaso, ki tambaye shi me aka ƙirga. Masana wannan fanni suna karanta kamannin nan a matsayin shaidar asali ɗaya, kamar kwafin littattafan da na kawo misali, kuma a matsayinki na malama ya kamata ki faɗa musu haka yadda yake, tunda shi za su tarar a jarrabawa da jami'a. Yadda za a daidaita wannan da abin da muka yi imani da shi game da halittar Annabi Adamu, alaihis salam, magana ce ta malaman addini, kuma ni ba na hawa mumbarin da ba nawa ba. Abin da nakan gaya wa ɗalibaina shi ne sauro mai jure magani da harafin sikila ba sa jiran a gama wannan muhawarar.

Harkar Turawa ce?

A wajen kuɗi da na'ura, har yanzu kusan haka ne. A manyan binciken da ke danganta gado da cututtuka, 'yan asalin Afirka ba su kai kashi 3 cikin ɗari na waɗanda aka gwada ba, alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin gado tsakanin mutanenta. A 2020 shirin H3Africa, mai binciken gado da lafiya a Afirka, ya karanta kundin mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, har da Birom maƙwabtanmu na Filato, aka samu sauye-sauye sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Illar wannan giɓin ita ce gwajin da aka gina a kan Bature yana iya kuskure a kan Bajare ko Batangale. Akwai yunƙuri: a 2021 aka kafa shirin karanta kundin halittun Afirka sama da 100,000, kuma ɗan Najeriya, ThankGod Ebenezer, yana cikin jagororinsa.

Sai dai in gaya miki gaskiya, abin da ke kayar da mu ba ƙwaƙwalwa ba ce. Na taɓa tara samfurin damina guda cur, aka ɗauke wuta kwana uku, janareta ba mai, firiza ta narke, komai ya ruɓe. Tun daga ranar a cikin 'yan bututai masu ƙwayoyin busarwa nake ajiye sauro, a aljihun tebur. Sinadaran aiki kuma sai sun yi watanni a hanya. Sannan ki riƙe cewa kundi yana nuna inda za a duba ne kawai; ganin sauyi a kwamfuta daban, tabbatar da aikinsa a jikin mai rai daban, kuma shekarun da ake lissafowa, irin 7,300 ɗin can, kiyasi ne mai faɗi da sabon bincike kan iya matsar da shi.

Ga abin da za ki yi da ajinki, tunda gani ya kori ji. Ki yanka albasa ɗaya ƙanana, ki daka ta a turmi da ruwa rabin kofi da gishiri ƙaramin cokali. Ki zuba sabulun ruwa na wanke-wanke babban cokali ɗaya, ki juya a hankali don kada ya yi kumfa, ki bar shi minti goma. Sabulun yana fasa ƙwayoyin, gishirin yana sa zaren ya dunƙule. Ki tace da tsumma mai tsabta a cikin kofin gilashi. Sannan ki karkata kofin, ki tsiyaya sifirit ta gefe a hankali har ya yi bene a saman ruwan. Dole sifirit ɗin ya yi sanyi ƙarara, don haka ki sayi ƙanƙara ki binne kwalbar a ciki tun kafin a shiga aji. Cikin minti biyu zuwa uku za ki ga wani farin abu kamar majina yana tasowa a tsakanin ruwan biyu. Ki ba yarinyar da ta yi tambayar tsinken sakace ta naɗo shi da hannunta.